Fararen Duwatsun Ɗankwalisa

A cikin duk wulaƙancin da aka taɓa yi wa ɗan Adam tun da aka shimfiɗa ƙasa, Ɗankwalisa mai aski ya rantse babu wanda ya kama ƙafar wanda aka yi masa wata ranar Talata a ƙaramin asibitin unguwa. An kira shi Baba. A gaban mata, da rana tsaka, kowa yana ji. Mutumin da ko 'yar cikinsa bai yarda ta kira shi Baba ba sai dai Abba, mutumin da yake shafa wa gashinsa baƙin rini duk mako ya tsaya gaban madubin shago yana yi wa kansa barka, shi ne wata yarinya mai farar riga ta dubi tsabar idonsa ta tsofar da shi da kalma ɗaya.

Asibitin ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano, benci uku, sikeli ɗaya, da ma'aikaciya guda wadda kowa ke kira Sista. A bayansa akwai wata tsohuwar rijiya da aka daina sha. Amma a nan ake awon ciki, a nan ake yi wa yara rigakafi, a nan ake gwada hawan jini da sukari, duk kyauta. Mutanen unguwar kuwa masu faci ne da 'yan dako da masu wanki da guga, babu wanda ya taɓa riƙe katin inshorar lafiya. Babban asibitin kuɗi na can bakin titi, inda mai gadi yake fara duban takalminka kafin ya dubi fuskarka.

Ba ciwo ya kai Ɗankwalisa ba, Allah ya kiyaye. Auta ya raka awo, 'yarsa mai ciki wata biyar, wadda take zaune gidansu saboda mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Kuma ya ɗinka sabuwar riga, yana so a gani. To, ƙa'idar Sista ita ce duk babban da ya ɗora mazaunansa a bencinta sai ta gwada jininsa. Abin gwajin da ake ɗaurawa a dantse ya ƙi zama a kan hannun rigar, ta ce a cire. Ya cire, ga singileti, ga tumbi. Ta tambayi shekarunsa.

"Arba'in da ɗaya," ya ce, yana gyara zaman hula.

Mai Faci, abokinsa tun na yarinta, yana ƙarshen benci. Ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Kai, ka ji tsoron Allah! Tare aka sa mu makaranta, ni kuwa hamsin da bakwai nake nema."

Zufa ta keto wa Ɗankwalisa, ta biyo ta ƙarƙashin hula ta gangaro gefen kunne, baƙa ƙirin. Mata suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Sista ko murmushi ba ta yi ba, ta dubi allurar na'urarta ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai. Ka rage gishiri, ga ƙwayoyi, ka dawo bayan mako biyu."

Ƙwayoyin a kwata suka kwana.

Ƙofar shagonsa akwai wasu ƙananan duwatsu da ya jera don ado, ya shafe su da farin fenti da hannunsa. Ranar da yamma ya cika aljihu da su, ya ɗauki danƙon harbin tsuntsu, ya laɓe bayan katangar wani kango. Da rana ta faɗi, mata na ƙarshe suna shirin tashi daga benci, ya saki na farko. Ƙwal! a kan kwano. Dutsen ya gangara ƙararara ya faɗa ta baya. Ya sake, ya sake. Mata suka suri 'ya'yansu suka watse, wata har ta bar takalmi.

Washegari ya buɗe shago da fuskar jimami. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya karkatar masa da kai, ya ɗora aska a maƙogwaro, sannan ya rage murya ya ce ai asibitin nan a kan gidan mutanen ɓoye aka gina shi. Babu wanda ya yi masa musu a wannan yanayin. Kafin mako ya zagayo, labarin ya yi ƙafa da hannu. Wasu sun ga farar mata a baranda, wasu sun ji kukan jariri a cikin rijiya. Shi kuwa duk bayan kwana biyu sai ya koma bayan katanga ya ƙara wa wutar itace.

Benci ya bushe. Sista ta bi gida-gida tana roƙon a kawo yara rigakafi, ana rufe mata ƙofa. Aka ce manyanta sun aiko cewa idan babu masu zuwa za a sa wa wurin kwaɗo.

Auta ta ɗauko katinta ranar awo, uban ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Awo, Abba."

"Ba inda za ki. Da cikin za ki shiga gidan aljanu?"

Me zai ce? Idan aka ga 'yar mai labarin tana zaune a bencin, ai labarin ya mutu. Matarsa ta ce to a kai ta na bakin titi. Ya ce ta kawo abin da za a nuna wa mai gadin. Maganar ta tsaya a nan. Wata ɗaya ya wuce ba awo, na biyu ya bi bayansa. Ƙafafun Auta suka kumbura, zobenta ya ƙi fita, ta fara kwana da ciwon kai. Uwar ta ce nauyin ciki ne. Uban ya ce haka ita ma ta yi lokacin nata.

Ranar da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum. Rana ta yi ja ta lafe a bayan katanga, kaji sun hau makwancinsu, matar tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ɗankwalisa yana kan tabarma da ɗan madubi yana tsince farin gashi daga gashin baki. Sai iska ta tsaya cak. Rediyon maƙwabta da ba ya shiru ya yi shiru. Shirun ya yi nauyi, har mutum yana jin numfashin kansa.

Ƙwal!

Wani abu ya daki kwanon ɗakinsa, ya gangaro a hankali, kamar mai gangarowar ba ya sauri, ya faɗo daidai gefen tabarma. Matar ta sa hannu ta ɗauka.

"Jiƙe yake," ta ce. "Ga shi fari. Maigida, wannan ba irin na ƙofar shagonka ba ne?"

"Duwatsu nawa ne a duniya? Yaran unguwa ne marasa tarbiyya."

Ya fita da bulala yana zage-zage. Lungun babu kowa, ko akuya. Da ya dawo ya tarar da guda uku a jere a kan tabarmar, a kan madubinsa, ruwa yana ɗiga daga jikinsu, ruwa mai warin gansakuka irin na wurin da rana ba ta shiga.

Haka aka yi kwana shida. Kullum da faɗuwar rana, ba a ƙara minti ba a ragewa. Babu dutsen da ya taɓa matar, babu wanda ya taɓa Auta. Shi kaɗai suke bi. Ya same su a cikin takalminsa, a aljihun sabuwar rigarsa, a cikin kwalbar rini. Ya cika ya yi fam. Ya zagi maƙwabta, ya zagi yaran da ba su ji ba ba su gani ba, ya tsaya tsakar gida yana ɗaga murya yana cewa wane ne ya isa ya yi wa mutum irinsa haka a gidansa. Abin da ya fi ƙona masa rai, a ce sana'ar da shi ya ƙirƙiro da basirarsa wani ya ɗauka yana yi masa, ko izini bai nema ba.

A rana ta bakwai Auta ta ce tana ganin walƙiya a idonta. Ta kwanta tun la'asar. Da magariba ta kawo jiki, uwar ta shiga kai mata ruwa, sai ga kofin ya faɗi.

Auta tana zaune a tsakiyar gado, ta miƙe baya kamar ba mai ciki ba. Idanunta a buɗe, amma ba ita ke kallo da su ba. Tana murza wani farin dutse a tafin hannu. Da ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ce ta fito, mai kauri, mai amsa kuwwa kamar daga ƙasan rami.

"Ina mai danƙon?"

Ɗankwalisa ya taso daga tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi shiga ta ƙi fita. Matar ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba, ta yafa zanen gado ta ruga gidan Malam, mai yi wa 'yan unguwa ruƙiyya.

Malam dattijo ne siriri, ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya shigo da sallama, ya nemi ruwa a kwano, ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da gadon, ya fara karatu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya ɗagawa. Ɗakin ya yi sanyi. Fitila ta dusashe ta dawo. Can Auta ta toshe kunne ta yi wani gurnani da ya sa kajin waje suka tashi.

"Ya isa, Malam! Ba da kai na zo faɗa ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyar asibiti. A rijiyar baya nake tun kafin a haifi kakan kakan wannan yaron."

Duk da halin da ake ciki, Ɗankwalisa ya ji kalmar yaro ta ɗan sanyaya masa rai. Bai daɗe yana jin daɗin ba.

"Me yarinyar nan ta yi miki?" Malam ya tambaya.

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya. Wata biyu ina zaune a ɗakina ana yi mini ruwan duwatsu. Ya harba kan kwano, kwano ya gangaro mini da su a ka. Na yi haƙuri. Sai na ji wai ni ce nake jifa. Ni! Shekaru ɗari nawa ban taɓa jifan ko ƙadangare ba, sai wani mai rinannen kai ya zauna a shago yana sayar da sunana!"

Matar ta juyo a hankali ta dubi mijinta. Bai taɓa ganin wannan kallon a fuskarta ba cikin shekara talatin.

"Ƙarya take yi," ya ce. "Allah gafarta Malam, ai ka san su da ƙarya."

"Danƙon yana cikin akwatin askarka, ƙarƙashin tawul," in ji muryar. "A ɗauko?"

Ya ja da baya ya raɓe a jikin ƙofa.

"Ni ina son ranar rigakafi," muryar ta ci gaba, tana huci. "Yara su cika baranda, a tsira musu allura, su tsala ihu, iyaye su rarrashe su. Kafin a gina wurin nan na san irin kukan da nake ji a unguwar nan, na iyaye ne, ba na yara ba. Yanzu ya mayar mini da wurin kango. Matar nan tana zaune ita kaɗai da akwatin allurarta tun safe har yamma. Don me? Don an ce masa Baba!"

Malam bai ko kalli Ɗankwalisa ba. Ya ce, "An zalunce ki, na ji. Amma ke ma kin yi zalunci. Jikin nan ba naki ba ne, kuma rai biyu ne a ciki. Ki fita."

"Zan fita. Amma ka saurara, Malam, don kai mai hankali ne. Yau na shigo, ban kai awa guda ba. Abin da na tarar a jikin nan ba aikina ba ne. Jininta yana tafasa, kanta kamar zai tsage. Kumburin nan ba ni ba ce, walƙiyar idon ba ni ba ce. Da an kai ta awo da tuni matar can ta gani. Idan na fita kuka zauna kuna tofi, kafin gari ya waye za ta fara jijjiga, ku ce ni ce. Ba za a sake ɗora mini ba!"

Uwar ta dafe ƙirji ta fara salati. Malam ya matso da fitila ya dubi fuskar Auta da yatsunta, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wani kati mai ruwan ɗorawa, ya ɗaga wa Ɗankwalisa.

"Ka san wannan? Nawa ne. Duk wata nake zuwa a gwada ni, ban fasa ba ko da kuka ce ana jifa. Karatu na inda yake aiki, awo na inda yake aiki." Ya juya ga gadon. "Faɗi sharaɗinki, ki gaggauta."

"Ya ɗauke ta ya kai ta yanzu, da ƙafarsa, ta ƙofar gaba. Ranar rigakafi kuma ya tsaya a baranda ya faɗa wa unguwa wanda ya yi jifa."

"A gaban mata?" Ɗankwalisa ya zabura. "Haba baiwar Allah! A bari in faɗa wa maza a shago, ɗaya bayan ɗaya."

"A baranda."

"To in aika Mai Faci ya faɗa a madadina, ya fi ni murya."

"Da bakinka. Kuma ba rini."

"Ba rini? Wannan ai kisan kai ne!"

Matar ce ta katse cinikin. Ta miƙe tsaye, muryarta ba ta tashi sama ba, amma kowace kalma sai da ta sauka.

"'Yarka tana kwance tsakanin rai da mutuwa kana cinikin gashi? Wata biyu ina matsa mata ƙafa, kana kallona, ka san abin da ka shuka. Wallahi ko ka amsa, ko in goya ta da kaina in fita, kuma in na fita ba ka ƙara ganin ƙafata a gidan nan."

Ya dubi Auta. Fuskar ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Ya tuna ranar da ta tsaya a ƙofar nan da kati a hannu.

"Na amsa," ya ce.

Malam ya sa ta yi alƙawarin ba za ta dawo ba, ta yi. Ya tofa a ruwa ya yayyafa. Auta ta yi atishawa sau uku, dutsen ya suɓuce daga hannunta, ta sulale kan filo.

"Abba," ta ce da 'yar muryarta, "kaina."

Amalanken Mai Faci aka ara, aka shimfiɗa katifa. Ɗankwalisa ne ya tura, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, mutane suna fitowa daga sallar isha suna kallon mai labarin aljanu ya nufi gidan aljanu a guje. Sista tana nan, don a ɗaki na biyu take kwana, duk jifan bai kore ta ba. Ta ɗaura wa Auta abin gwaji, ta dubi allura, fuskarta ta canja. Nan take ta yi mata allura, ta kira motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin gwamnati, ta rubuta takarda. Sannan ta buɗe katin, ta ga layukan da babu komai, ta ɗago.

"Wata biyu. Ina kuka kai ta?"

Ɗankwalisa ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Abin da zan gani da wuri in tare da ƙwaya, kun bari sai da ya kusa kashe ta! Nan da gidanku taku nawa ne? Ko sisi na taɓa karɓa a hannunku?"

Motar ta zo. A daren aka yi wa Auta aiki, aka ciro 'yar mitsitsiyar jaririya wadda sai da ta yi mako uku a kwalba. Likita ya ce da an ƙara 'yan awoyi da labarin ya sha bamban. Duwatsu kuwa tun daga ranar ko ɗaya bai sake faɗowa ba.

Ya so ya zille, kada a yi masa ƙarya. Ranar Litinin da yamma har ya ɗauko kwalbar rini, ya ce ai tsohuwar ba ta faɗi wace ranar rigakafin ba. Da ya buɗe kwalbar sai ya ji warin gansakuka. Ya rufe ta a hankali ya ajiye.

Talata da hantsi baranda ta cika, domin Malam ya sanar cewa akwai jawabi, matar Ɗankwalisa kuma ta bi gida-gida ta ce kowa ta zo da ɗanta da katinsa. Ɗankwalisa ya iso da buhun fararen duwatsu a kafaɗa, kansa fari fat kamar an zuba masa toka. Mai Faci ya leƙa fuskarsa ya ce, "Sannu Kaka, wa kake nema?" Sista ta nuna masa ƙarshen layi, ta ce jawabi ko ba jawabi, wanda ya zo ƙarshe shi ne ƙarshe. Ya jira yara goma sha tara suka sha allura suna tsala ihu. Da aka zo kansa ta ɗaura masa abin gwaji, ta ce, "Baba, shekara nawa zan rubuta?"

"Hamsin da bakwai," ya ce. "Da wata huɗu."

Sannan ya miƙe, ya zazzage buhun a gaban mata, ya ɗora danƙon a kai. Ya gyara wuyan riga, don ko a wannan halin ba zai tsaya a yamutse ba.

"Jama'a, kun ji an ce ana jifa a wurin nan. Gaskiya ne, an yi. Kun ji an ce akwai mai baƙin hali da ba ya son ku kawo 'ya'yanku. Shi ma gaskiya ne. Amma ku daina zargin ta cikin rijiya, baiwar Allah ba ruwanta. Wanda ya kore ku, ya hana 'yarsa awo har ta kusa tafiya, ga shi tsaye a gabanku. Ni ne."